Ɗan'azumi Ya Kawo Lizbon Tondibiya

Shekarun nan da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, in ana lissafin masu baki a Yamai, to Ɗan'azumi Bagobiri ne limaminsu. Mutumin Tibiri ne ta wajen Maraɗi. Ya daɗe yana palanto, wato ɗan aike, a gidan wani Bature. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya tafi da shi don ya tsare masa akwatuna da karnuka a jirgin ruwa. A hanya jirgin ya yada zango a Lizbon, babban birnin Fotugal, daga hantsi zuwa la'asar. Aka miƙa wa Ɗan'azumi igiyar karnuka, aka ce ya sauka da su su rage mara. Karnukan suka yi ta jan sa lungu-lungu, yana bin su baki buɗe. Abin da ya haɗa shi da Lizbon ke nan.

Amma da ya dawo gida, sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa.

Aiki dai babu. Kullum da safe zai ɗaura karabat, ɗamarar wuya irin ta Turawa, a kan ƴar shara, ya kifa hular kaske da Baturen ya bar masa, ya je ya zauna a rumfar matarsa Tabawa a kasuwar Pati Marshe. Ita tana auna wa mutane albasa da barkono, shi yana auna musu Lizbon.

"Ku da kuke nan ba ku ga duniya ba," in ji shi. "Akwai wata hasumiya fara fat, tsaye take cikin ruwa, teku na wanke mata ƙafa safe da yamma. Akwai taram, mota ce rawaya mai gudu a kan ƙarfe, tana hawan tudu kamar ƙadangare a bango. Akwai asansar, ɗaki ne guda na ƙarfe, ka shiga a wannan unguwa, ya ɗaga ka sama, ka fito a wata unguwar!"

"Baban Delu, ɗaga mini," in ji Tabawa. "Ka zauna a kan tafarnuwa."

Ya gyara zama bai ko dube ta ba. "A ƙetaren ruwa kuwa an kafa wani mutum-mutumi bisa tsauni, ya ware hannuwa haka. Sarkin masuntansu ne, yana nuna girman kifin da ya kama."

Maƙwabcinsu Ishaku, Kirista mutumin Dogondutsi mai aiki a gidan likita, ya tsaya sayen citta. Ya yi dariya har sai da ya dafa kekensa.

"Haba maƙwabci! Ba masunci ba ne. Siffar Almasihu ce, na gan ta a hoto."

"To ai ban ce ba shi ba ne," in ji Ɗan'azumi, ko ƙiftawa bai yi ba. "Kai ka ga hoto, ni na ga mai hoto."

Ana cikin haka wata rana sai ga Mushe Yahaya, wato Malam Yahaya a bakin Faransawa, ya zo sayen yajin kilishi. Babban ma'aikaci ne, mai tumbi kamar randa, kuma duk kasuwa an san an ba shi wani sabon buro, wato ofis, mai kula da baƙin da ke zuwa ganin babban birnin sabuwar ƙasa. An kuma ji ana neman wanda zai riƙa zagayawa da baƙin nan, da albashi da rigar aiki mai maɓallan ƙarfe. Ɗan'azumi ya miƙe ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, in baƙi sun zo me za ku nuna musu? Jakuna da gulbi? Babban birni ba ya yiwuwa sai da hasumiya da taram da asansar. Ni na zauna Lizbon, na san sirrinsu. Ku ba ni ɗan lokaci, in kawo muku Lizbon har bakin gulbin Isa."

Mushe Yahaya ya dube shi daga kaske har takalmi. Mutum ne mai son nishaɗi, sai ya ce, "Gani ya kori ji. In ka gama ka kira ni. In abin ya burge ni, rigar taka ce."

Tun kafin ya bar kasuwa Ɗan'azumi ya fara gwada tafiyar mai maɓallan ƙarfe.

A Tondibiya, can bayan gari a bakin gulbi, ya samu wurin da yake so: tudu mai baƙin dutse, da ƙaton gawo a bisansa, da gangara miƙaƙƙiya har bakin ruwa. Wurin na wani mai kwalekwale ne, Hamani Bazabarme. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, don haka da Hamani ya ji abin da ake shirin yi, sai ya ba da filin, ya ƙara da aron jakinsa. Ya ce irin wannan kallo ko da kuɗi ba a samun sa.

Ɗan'azumi ya naɗe wando ya shiga aiki, kuma a nan dole a ba shi haƙƙinsa, ya zuba gumi. Ya buga tubali, ya yi ta jidarsa zuwa wani tsibirin yashi da ke ɗan cikin ruwa. Gini ya tashi har ya fi tsawon mutum bisa kan mutum. Ya yi masa zankwaye, ya shafe shi da farar ƙasa. Daga nesa, in ka runtse ido ɗaya, ba laifi.

Hamani yana zaune a kwalekwale yana gyaran taru. "Kai mai zanen mage a kunci! A garinku rijiya kaɗai kuka sani. Gulbin nan cikowa yake yi."

"Ta Lizbon a teku take, bawana, teku! Wannan ruwan alwalar naku ne zai ba ni tsoro?"

"Ni dai na faɗa."

"Ka faɗa wa kifi."

Sai maganar taram. Ya jera azara layi biyu daga gindin gawo har bakin ruwa. Ranar da Tabawa ta tafi suna, ya lallaɓa ya kwashe abin da yake buƙata a gida. Da ta dawo ta tarar da tsakar gida kamar an yi shara.

"Baban Delu, ina pus-pus ɗina, amalanken da nake kai kaya kasuwa?"

"An yi masa ƙarin girma. Na shafa masa rawaya, daga yau taram ne."

"Taɓaryata fa?"

"Ita ce birki."

"Babban kwandon albasa?"

"Asansar."

Tabawa ta riƙe ƙugu. "To ni fa, me aka mai da ni?"

"Ke ce madam ɗin shugaban yawon buɗe ido na ƙasa baki ɗaya."

"Madam ɗin da za ta ɗauki buhun albasa a ka? Wallahi da bakinka gona ne, da mun ciyar da Yamai."

"Mata ba ku da hangen nesa."

"Muna da na kusa. Shi ne ke kawo tuwo."

Ishaku ma bai tsira ba. Washegari ya hau kekensa, ya kai hannu zai buga ƙararrawa, sai ya ji wayam. Ya tarar da ita a ɗaure a goshin pus-pus. Ɗan'azumi ya ce masa ya yi haƙuri, za a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gina ƙasa.

Da ya gwada taram ɗin shi kaɗai, sai ya ga tana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana ƙugi tana tsayawa. Abin bai yi masa ba. Ta Lizbon ba haka take ba. Ya samo ƙwarya cike da man kaɗanya, ya bi azarar nan ya mulke ta tun daga sama har ƙasa, har tana ƙyalli. Bai sake gwadawa ba, wai kada man ya goge kafin manyan baƙi su zo.

Ranar Lahadi bayan azahar, rabin Pati Marshe ya kwarara Tondibiya. Mahauta sun zo, masu tumatir sun zo, teloli sun rufe rumfa. Wasu a bayan kamyo, babbar motar kaya, wasu a keke, wasu a ƙasa. Mutanen ƙauye suka fito su da awakinsu. Tabawa ta ce tun da asara ta riga ta shigo gida, bari ta tare ta da kasko, sai ta kafa murhu a gefe tana suyar masa. Ishaku ya zo kai tsaye daga majami'a cikin fararen kayansa na Lahadi. Daga ƙarshe motar Mushe Yahaya ta tsaya, ya fito cikin babbar riga mai aiki, sabuwa dal.

Ɗan'azumi ya hau kan dutse ya cire kaske.

"Jama'a, barkanku da zuwa Lizbon! Ba fasfo, ba jirgi, ba amai. Za mu fara da asansar."

Asansar dai igiya ce aka wurga bisa reshen gawo. Kwando a wannan bakin, jakin Hamani a wancan.

"Ranka ya daɗe, bisimilla. Babba shi ke buɗe hanya."

Mushe Yahaya ya dubi igiyar, ya dubi tumbinsa, ya sake duban igiyar.

"A fara da ma'aikacin likita. In ya faɗo, ya san maganin da zai sha."

Jama'a suka goyi baya da sowa. Ishaku ya yi ta a'a, amma kafin ya ankara mahauta sun ɗaga shi sun zaunar a kwando, gwiwoyinsa a haɓa. Ɗan'azumi ya je wajen jaki ya gyara karabat.

"Ale! Abanse!"

Jaki ya kaɗa kunne ɗaya.

"Abanse, na ce!"

"Jakin Bazabarme ne," in ji Hamani. "Bai yi makarantar lakwal ba, ina zai ji Faransanci?"

"Da ma ya yi kama da mai shi."

Ya tura, jaki ya ƙi. Ya ja, jaki ya ƙi. Da haushi ya kama shi, sai ya cire kaske ya maka wa jakin a gindi. Kaske kuwa ta yi ƙara kamar an buga ganga. Jaki ya zabura ya yanka a guje, igiya ta yi kuka, Ishaku ya tashi sama kamar an harba shi da baka. Takalminsa ɗaya ne kawai ya rage a ƙasa. Jakin ya zagaya wani kututture, ya sake zagayawa, igiya ta sarƙe tam, ya tsaya yana haki. Can sama cikin ƙayar gawo kwando yana lilo, tsuntsaye na watsewa.

"Kun gani?" in ji Ɗan'azumi. "Ko ta Lizbon ba ta kai wannan sauri ba!"

"Maƙwabci, sauke ni!" in ji Ishaku daga sama.

"Asansar ba ta saukowa sai ta huta. Ka more kallo, kai ne mutum na farko da ya ga Yamai ta bisa."

"Ƙaya ce nake gani!"

"A Lizbon ma akwai ƙaya."

Mushe Yahaya ya yi dariya har hularsa ta karkace. Dariyar nan ce ta cuce shi, don da aka ce saura taram, sai ya ce wannan kam shi zai buɗe. Abu ne a ƙasa, ina abin tsoro? Aka ɗora masa kujera ƴar tsugune a cikin pus-pus, ya hau ya tattara babbar riga, ya zauna yana ɗaga wa jama'a hannu. Ɗan'azumi ya tsaya a baya, taɓarya a hannu, ya kafa ta a ƙasa.

"Daga nan za mu gangara sannu-sannu, mu tsaya a bakin ruwa, ranka ya daɗe ya ƙare wa hasumiya kallo."

Daga inda suke, hasumiyar tana tsaye fara tas. Amma Ishaku da ke sama yana hango bayanta. Ruwa ya hau tsibirin, ya rarake gindinta, tubali na zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Maƙwabci! Hasumiyar zaunawa take yi! Ruwa ya cinye bayanta!"

"Me yake cewa?" in ji Mushe Yahaya.

"Wai bai taɓa ganin irinta ba, ranka ya daɗe."

Ya buga ƙararrawa, ƙililin! Ya ɗaga taɓarya.

Da farko abin gwanin sha'awa. Taram ta sulale ba ƙugi ba gargada, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ƙafafun suka ji man kaɗanya. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba taram ta wuce masu guɗar. Iska ta shiga babbar rigar Mushe ta kumbura ta kamar tanti. Awaki suka tarwatse.

"Dusma! A hankali!" in ji Mushe Yahaya.

"Haka take yi a gangara, ranka ya daɗe!"

"Arete! Taka birki!"

Ɗan'azumi ya caka taɓarya a ƙasa da ƙarfinsa duka. Ta shige tsakanin duwatsu biyu ta kafe, ta fizge daga hannunsa, ta tsaya can baya ita kaɗai a tsaye.

"Ina birkin?"

"Ya sauka a tashar baya, ranka ya daɗe!"

Abin da ya rage masa ƙararrawa ce, sai ya rungumo wuyan Mushe da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan yana ta buga ta. Mushe yana salati, Ɗan'azumi yana ƙililin-ƙililin. Hamani da ya riga ya koma kwalekwalensa don ya samu wurin kallo mai kyau, ya ja baya da sauri.

Azara ta ƙare, taram ba ta ƙare ba. Ta yi tsalle daga gaɓa, ta tsallake ɗan ruwan da ke tsakani tana fesa shi hagu da dama, ta je ta yi wa hasumiya karo da goshi, dum!

Hasumiya ta tsaya kamar tana shawara. Zanko ɗaya ya faɗo ya tarwatse a kan kaske. Sai ta sunkuya a hankali kamar mai gaida surukai, ta kife gaba ɗaya. Ruwa da laka suka tashi sama, suka sauko a kan teloli da mahauta da duk wanda ya yi rububin zuwa gaba. Ƙafar pus-pus ɗaya ta fito daga cikin hargitsin, ta gangara ita kaɗai, ta kwanta a bakin gaɓa.

Hamani ne ya tsamo su. Ya fara jawo Mushe Yahaya da wuyan riga, sai da mahauta suka taimaka kafin ya shiga kwalekwale. Sannan ya laluba da sandar tuƙi har ya taɓo wani abu mai motsi.

"Na kama wani kifi mai karabat! Wa zai saya?"

Aka fito da su gaɓa. Ba ka bambanta babban ma'aikaci da palanto, duk laka ta mai da su ƴan uwa. Jama'a kuwa dariya ta hana su tsayuwa, wasu sun zube a ƙasa suna riƙe da ciki. Wani mai tumatir yana ta roƙon a sake yi, wai shi bai gani da kyau ba.

Kowa ya ɗauka yau bakin Ɗan'azumi ya mutu. Ya tofar da laka, ya share ido, ya dubi inda hasumiya take a da. Sai ya hau kan wani dutse ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku natsu! Abin da kuka gani yanzu shi ne na ƙarshe a tsarinmu. Wannan ita ce girgizar ƙasar Lizbon! A zamanin da, ƙasa ta girgiza, gine-gine suka zube, teku ya hau gari. Na ce ba zan nuna muku daɗin birnin in ɓoye muku tarihinsa ba."

"Ƙarya kake, Bagobiri!" in ji Hamani.

"A tambayi masu ilimi."

Idanu suka koma kan Mushe Yahaya, wanda ke zaune yana zazzage ruwa daga takalmi. Mutum ne mai gaskiya ko a cikin laka. Ya yi ajiyar zuciya.

"An yi. Mun karanta a lakwal."

"Kun ji ko!" Ɗan'azumi ya buɗe ƙirji, ya juyo ya sara. "To ranka ya daɗe, yaushe zan zo awon riga?"

Mushe ya ciro wani ɗan kifi daga aljihunsa ya jefar. "A littafin da muka karanta, bayan girgizar nan sai da aka yi shekara da shekaru kafin a sake buɗe buro. Ka jira kamar haka."

Ya shiga mota yana ɗiga. Can sama wata murya ta ce, "Jama'a, don girman Allah, akwai mutum a nan!" Sai a lokacin aka tuna da Ishaku. Aka warware jaki, aka sassauto da shi a hankali, fararen kayansa sun zama tsumma. Ya sauko, ya shiga ruwa har gwiwa, ya kwance ƙararrawarsa, ya hau keke da takalmi ɗaya.

Tabawa ta sayar da masarta tas. Ta kife kasko, ta je ta tuge taɓaryarta daga tsakanin duwatsu, ta ɗauko ƙafar pus-pus, ta tsaya a gaban mijinta.

"Baban Delu, je ka tsamo sauran."

"Yanzu? A gaban mutane?"

"A gabansu ka jefa shi."

Ya dubi fuskarta, ya dubi taɓarya, ya koma ruwa. Mai kamyo ya ce ba zai ɗauki laka a motarsa ba, don haka suka kamo hanyar gari a ƙasa. Tabawa a gaba da kasko a ka, Ɗan'azumi a baya ɗauke da gangar jikin taram, ruwan rawaya na bin wuyansa.

Sun yi nisa sai suka gamu da wani tsoho a kan raƙumi. Ya ja akala, ya leƙo yana duban wannan halitta mai tafiya da akwati a ka.

"Sannunku da hanya. Daga ina haka?"

Daga ƙarƙashin pus-pus murya ta fito, ko rawa ba ta yi. "Daga Lizbon, baba."

"Ikon Allah! Da nisa?"

"Da nisa ƙwarai," in ji Tabawa, ba ta ko waiwayo ba. "Ga shi kuwa a ƙasa muka dawo."